SOLA A POTISKUM: MU DAINA SAYEN SITIKA, MU FARA AUNA WUTA



Yau maganarmu a kan sola ce. Tun daga farko muna neman afuwar duk wanda zai ji kamar da shi ake. Ba mu kama sunan kowa ba, kuma ba za mu kama ba. Amma shirun ya isa haka, domin kuɗin mutane na tafiya, wutar kuma ba ta zuwa.

Duk ɗan Potiskum ya san ciniki. A kasuwar hatsi babu mai ɗaukar buhun gero don an rubuta wani abu a jikin buhun. Sai ya soka, ya ga ƙwaya, ya san tiya nawa ne a ciki. A kasuwar shanu, wadda sunanta ya kai ko'ina a Afirka ta Yamma, babu mai biyan kuɗin sa don dillali ya rantse. Sai ya zagaya shi, ya duba haƙori, ya taɓa tozo, ya sa a tayar da shi ya ga tafiyarsa. To me ya same mu da muka zo kan sola, kayan da kuɗinsa kan fi na sa, muka koma cinikin biri a sama? Mai shago ya juya maka bayan faranti, ya nuna maka sitika, ka ga an rubuta wat 500, ka ce madalla, ka ƙirga kuɗi. Daga nan ba wanda ya sake tambayar wat nawa farantin nan ya bayar da ya hau kan kwano, a ƙarƙashin ranar Potiskum da ƙurar Potiskum.

Abin da muke cewa a taƙaice shi ne: lambar da ke kan sitika ba ita ce wutar da za ka samu ba. Wutar da za ka samu sai an auna ta a waje, a rana, a garin nan. Duk cinikin solar da babu wannan awon a cikinsa ciniki ne na makafi.

YADDA MUKA ZO NAN

Ba don ƙawa muka rungumi sola ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, janareto ya zama abin kallo a gidaje da shaguna da yawa. A watan Oktoba 2024 mafi yawan jihohin Arewa suka kwashe kwana da kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta. Mai walda, mai cajin waya, mai POS, mai kemis da ke ajiye allurai a firji, matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo daga cikin gida, kowa ya ɗanɗana. Sai mutane suka ce gara su nemi tasu wutar. Wani ya sayar da dabba, wata ta kwashi adashe, wani ɗansa da ke aiki a Abuja ko Legas ya turo, wani bashi ya ci. Wannan kuɗin gumi ne, shi ya sa abin yake mana zafi.

Mu kanmu bai bar mu ba. Mun yi karo-karo muka sa sola a inda muke taruwa, inda yara ke zuwa bitar karatu da dare. Faranti huɗu, kowanne an rubuta masa wat 500, da batura da inbata. Aka ce mana za mu kwana da fanka da fitila har gari ya waye. Ba a yi wata biyu ba, kafin sha ɗaya na dare inbata ta fara kuka. Muka kira wanda ya haɗa mana. Lokacin hunturu ne, ya ce hazo ne. Bazara ta zo, sararin sama tas, ya ce lodi ne ya yi yawa. Damina ta sauka, ya ce hadari ne. Da kaka ta yi, ya ce baturan ne suka mutu, mu kawo kuɗin sababbi. Shekara guda, uzuri huɗu, kowane yanayi da nasa.

Ranar da wani matashinmu mai karatun lantarki ya hau rufin, ba da wata babbar na'ura ya hau ba. Tef ɗin awo na tela ya ɗauka. Ya auna faranti: tsawo santimita 165, faɗi santimita 100. Ya sauko ya ce mana, ko a ƙasar da aka ƙera shi aka kai farantin nan ba zai taɓa ba da wat 500 ba. Ya yi mana lissafin a ƙasa da tsinke. Lissafin ne muke so kowa ya iya.

ABIN DA SITIKA KE NUFI

Lambar da kamfani ke rubutawa ba a rana ake samo ta ba. A ɗakin gwaji ake samo ta, da fitila mai walƙawa ta ɗan lokaci kaɗan, bisa sharuɗɗa uku da duniya ta amince da su, waɗanda za ka ga an taƙaita su da haruffan STC a kan sitika. Na farko, haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita. Na biyu, zafin ƙwayoyin farantin kansu ya tsaya a digiri 25. Na uku, launin hasken ya zama na wani ma'auni da aka tsayar. Gilashi kuma fes, babu ƙura, babu inuwa, babu doguwar waya.

An yi haka ne don a iya kwatanta farantin wannan kamfani da na wancan a kan mizani ɗaya. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ɗauko lambar ɗakin gwaji a sayar wa mutumin Dogo Nini ko Yerimaram ko Mamudo kamar ita zai gani a gidansa. Yaushe rabon da faranti ya kwanta a kan kwano da tsakar rana a garin nan zafinsa yana digiri 25?

Su kansu kamfanonin kirki ba su ɓoye wannan ba. A takardar bayanin kowane faranti na gaske akwai layi na biyu, mai haruffan NOCT ko NMOT, inda suke faɗin abin da zai bayar a yanayin da ya fi kusa da na waje: haske wat 800, zafin iska digiri 20, da 'yar iska tana kaɗawa. A wannan layin, farantin wat 550 yakan sauko wajen wat 410. Ku lura, wannan a zafin iska digiri 20 ne, irin safiyar hunturunmu. Wa ya taɓa nuna maka wannan layin a shago?

ZAFI BA ABOKIN SOLA BA NE

Akwai maganar da muke yawan ji, har daga bakin masu haɗawa: “Ai nan Yobe rana ce da mu, sola har ya fi abin da aka rubuta bayarwa.” Rabin maganar gaskiya ne, rabin kuma shi ke cutar da mu. Allah ya ba mu haske, wannan haka yake. Idan aka tattara hasken yini guda a yankinmu, yakan kai kwatankwacin sa'a biyar da rabi zuwa shida na cikakkiyar rana, abin da ƙasashen Turai irin su Jamus ba su samun ko kusa da shi. Amma faranti haske yake ci, ba zafi ba. Zafi rage masa ƙarfi yake yi.

Ga yadda abin yake. Duk digiri ɗaya da zafin faranti ya ƙaru a kan 25, ƙarfinsa na raguwa da kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100, gwargwadon irinsa. Wannan ma a rubuce yake a takardar kamfani. A watan Afrilu da Mayu zafin iska a Potiskum kan haura digiri 40. Faranti kuwa baƙi ne, yana shan rana kai tsaye, don haka yakan fi iskar da ke kewaye da shi zafi da digiri 25 zuwa 30. Ke nan yana iya kaiwa digiri 70. Daga 25 zuwa 70 akwai 45. Ninka 45 da 0.35, ka samu kusan kashi 16 cikin 100. Farantin wat 550 na gaske, sabo, wankakke, ya koma wajen wat 460 tun ba a je ko'ina ba.

Sannan a dubi yadda ake ɗora su. Nawa ne a garin nan aka manna su a jikin kwano kamar an shanya tufafi, babu ko tazarar tafin hannu da iska za ta ratsa ta ƙasa? Kwano na gasa shi ta ƙasa, rana na gasa shi ta sama. Mai haɗawa ya tsira da kuɗin ƙarfen da zai ɗaga shi, mai gida ya yi ta biyan wannan tsimin kullum har tsawon rayuwar farantin.

ƘURA, INUWA DA INDA YA FUSKANTA

Na biyu ƙura. Hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris, mai yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, wurin da masana ke lissafawa a sahun gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya, mu kuma muna kan hanyar iskarsa. Ƙurar nan sau biyu take cin mu: tana tare hasken tun yana sama, sannan ta kwanta a kan gilashi. Ka ƙara da tamu ta gida, ta tireloli da manyan motocin da ba su yankewa a hanyar Kano zuwa Maiduguri, da ta ranar kasuwa. Ka shafa yatsa a gilashin motar da ta kwana biyu a waje cikin Janairu. Abin da ka gani shi ke kan farantinka, sai dai shi ya fi wata uku ba a taɓa shi ba, domin an kafa shi a inda ba mai iya hawa.

Na uku inuwa. Ƙwayoyin faranti a jere suke kamar mutanen da ke miƙa wa juna bokitin ruwa. Idan ɗaya ya tsaya, layin ya tsaya. Inuwar reshen darbejiya, ko ta tankin ruwa, ko ta dish, ko kashin tattabara da ya bushe a kan ƙwaya ɗaya, na iya kashe kashi ɗaya cikin uku na farantin, kuma wurin ya riƙa ɗaukar zafi har ya ƙone.

Na huɗu fuskanta. Potiskum na kusan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Wajen 20 ga Afrilu da wajen 23 ga Agusta rana kan tsaya mana a tsakar ka. Tsakanin waɗannan ranakun tana ɗan karkata arewa, sauran shekara kuma tana kudu, har a watan Disamba ta karkata da kusan digiri 35. Don haka abin da ya dace a nan shi ne faranti ya fuskanci kudu da ɗan jingina na digiri 10 zuwa 15, wanda kuma ke taimaka wa ruwan sama ya wanke shi. Amma ka zaga gari ka ɗaga kai. Wani yana kallon gabas, wani yamma, wani arewa, duk inda kwanon ya kalla nan aka bi.

Mu haɗa lissafin. Wat 550, zafi ya mai da shi 460. Mu ƙaddara ƙura ta ci kashi 10 cikin 100, ya koma wajen 415. Waya da kwantirola da inbata su ci wani kashi 10, ya koma wajen 375. Wannan farantin gaskiya ne, babu wanda ya yi maka ƙarya a sitika. Idan kuma aka haɗa maka babban faranti da ƙaramar kwantirola irin ta PWM maimakon MPPT, farantin da ke son aiki a bolt 41 za a danne shi zuwa wajen bolt 28 na batura masu bolt 24, kusan kashi ɗaya cikin uku ya sake tafiya. Duk mai haɗa solar da ya yi maka lissafin lodi da 550 ɗin sitika, ko dai bai san aikinsa ba, ko ya sani ya yi shiru. Ka zaɓar masa ɗaya.

SANNAN GA TAUYE MUDU

Duk abin da muka faɗa a sama halin yanayi ne, ana iya shirya masa. Wanda ba a iya yafewa shi ne sitikar ƙarya. Mu koma kan lissafin matashinmu. Faranti mai santimita 165 da 100, girmansa murabba'in mita 1.65 ne. A cikakkiyar rana, hasken wat 1,650 ne ke sauka a kansa. Farantan da ke kasuwa a yau suna iya mai da kashi 20 zuwa 23 cikin 100 na hasken zuwa wuta, mafiya tsada su ɗan haura kaɗan. Ke nan iyakarsa wat 330 zuwa 380. Kafin ya ba da 500 sai ya mai da kashi 30 cikin 100, abin da ya wuce iyakar da masana suka lissafa wa irin wannan farantin na silikon. Farantin wat 550 na gaske tsawonsa ya kai kusan santimita 228, faɗinsa 113, ya fi ƙofar ɗaki. Wanda yaro zai saɓa a kafaɗa ya tafi da shi yana waƙa ba 550 ba ne, ko da tambarin wa aka manna masa.

Sitika takarda ce, ana buga ta. Ana manna sunan manyan kamfanoni a kan abin da ba su ƙera ba. Ana kawo gwanjon da ya gama aiki a wata ƙasa a goge a ce sabo ne. Wannan da tauye mudu duk ɗaya ne, kuma dukkanmu mun san matsayin mai tauye mudu tun muna makarantar allo. Bambancin kawai, mai tauye mudun hatsi sau ɗaya yake cutar ka, wannan kuwa kullum rana ta fito sai ya cuce ka.

Kuma cutar ba ta tsaya a faranti ba. Batirin da ba ya cika kullum saurin mutuwa yake yi, ga zafin ɗakin da aka kulle shi yana ƙara rage masa kwana. Sai a ce maka batir ne ba shi da kyau, ka sayi sabo, ka haɗa shi da farantan da suka kashe na farkon. Haka muka kusa yi.

ABIN DA ZA A CE MANA

Mun san amsoshin, mun sha jin su.

Za a ce, “Mu ma haka aka kawo mana daga Kano ko Legas, ba mu muka buga sitikar ba.” Mun yarda akwai waɗanda su ma cutar su aka yi. Amma mai sayar da hatsi ba ya cewa bai san tiya ba. Wanda ya buɗe shagon sola ba shi da tef da mita ta auna wuta, ya fara sana'ar da bai shirya mata ba. Idan kai aka cuta a sari, ka koma wa wanda ya cuce ka, kada ka sauke a kan mai ƙanƙara.

Za a ce, “Mutane ne ke son arha, idan ka kawo na gaske ba sa saya.” Wannan akwai gaskiya a ciki, kuma laifinmu ne mu masu saye. Araha ba ta ado. Amma a sayar mana da arhar da sunanta. Ka ce, wannan wat 300 ne, ga kuɗinsa, wancan 550 ne, ga nasa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ba mu rariya a ce kwarya ce.

Za a ce, “Sola ba wutar NEPA ba ce, sai haƙuri.” Haƙuri da hazo da hadari dole ne, ba mai iko da su sai Allah. Amma hazo ba baƙo ba ne a Potiskum, kowace shekara yana zuwa a lokacinsa. Mai aikin kirki da shi yake lissafi tun farko. Wanda ya zo bayan an biya shi yana ba ka labarin hazo kamar jiya aka ƙirƙiro shi, yana ɓoye gazawarsa ne a bayan ƙaddara.

Za a ce, “Kuna so ku kashe wa matasa sana'a.” A'a. Akwai matasa a garin nan masu aikin sola tsakani da Allah, kuma su ne suka fi kowa cutuwa, domin suna kawo farashin gaskiya ana guje musu a tafi wurin mai sitikar ƙarya. Awo shi zai raba su da 'yan damfara. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Sai babbar matsalarmu, kunya. Mai shagon ɗan unguwa ne, ko suruki, ko tare kuke salla, sai ka ji nauyin cewa a auna. Alhali shi ɗin idan ya zo sayen rago wurinka sai ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, kuma ba ka ɗauka zagi ba ne.

YADDA ZA KA AUNA

Ba sai ka yi digiri ba. Ga abin da kowa zai iya, ko ya sa a yi a gabansa:

1. Auna tsawo da faɗi da mita, ka ninka su, ka ninka abin da ya fito da 240. Wannan shi ne rufin abin da farantin zai iya bayarwa, har da sassauci. Idan sitika ta wuce haka, ka ajiye.

2. A kan sitika akwai Vmp da Imp. Ninka su. Dole su ba da wat ɗin da aka rubuta. Masu buga ta ƙarya sukan manta da wannan.

3. Kada a ruɗe ka da bolt. Wasu sukan sa mita su nuna maka bolt ya cika su ce ka gani. Faranti na nuna kusan cikakken bolt ko da a ɗan haske ne. Bolt kamar tsayin tankin ruwa ne, amfiya kuma yawan ruwan da ke fitowa a famfo. Amfiya za ka ce a auna.

4. A fito da farantin waje tsakanin sha ɗaya da rabi zuwa ƙarfe ɗaya, ranar da sama take garau, a goge shi, a fuskantar da shi ga rana, a auna amfiyarsa a kwatanta da lambar Isc ta sitika. Zafi ba ya rage amfiya, don haka ba shi da uzuri a nan. Ya kamata ta zo kusa. Idan an rubuta 13 ka ga 8, akwai magana. Wanda ya iya ne zai yi wannan, faranti ɗaya-ɗaya, ba waɗanda aka jera aka haɗa ba, kuma da mitar da ta fi ƙarfin wutar, domin ƙananan mitoci a amfiya 10 suke tsayawa.

5. Bayan an haɗa, ka riƙa duba yunit nawa aka samu a yini. Inbatoci da kwantiroli da yawa suna nunawa. Kowane wat 1,000 na farantan gaske, idan an kafa su daidai kuma suna da tsabta, ya kamata su ba ka wajen yunit 4 zuwa 4 da rabi a yinin da rana ta yi kyau. Ka yi gwajin da kaya a kunne, domin idan batir ya cika kwantirola kan rage jan wuta. Ka rubuta na kwana bakwai.

6. Don ka ga aikin ƙura da idonka, duba abin da ake samu da tsakar rana yau, ka wanke gobe da sassafe, ka sake dubawa a daidai lokacin. Da safe ko da yamma ake wanki, da ruwa da tsumma mai laushi. Kada a watsa ruwan sanyi a gilashin da ya ɗauki zafi.

ABIN DA MUKE NEMA

Ga masu sayarwa: gwaji a rana kafin biya ya zama al'ada, kamar yadda ake kunna talabijin kafin a ɗauka. A rubuta wat, sunan kamfani da lambar kowane faranti a kan rasit. Garantin baki ba garanti ba ne.

Ga masu haɗawa: ku ba mai gida lissafi a takarda, yunit nawa kayansa ke ci, yunit nawa farantan za su bayar a hunturu da bazara da damina. Ku bar tazara a ƙasa, ku bar hanyar hawa don wanki. Mai gida kuma ya riƙe wani kaso na kuɗin aiki har sai an ga sakamakon mako guda.

Ga masu ba da kwangilar jama'a: fitilun titi da rijiyoyin burtsatse masu sola da kuɗin al'umma ake yin su. Duk mun san waɗanda suka haska ranar buɗewa suka mutu kafin shekara. Kada a sa hannu an karɓi aiki sai an auna a wurin, a gaban mai unguwa da wakilan jama'a, kuma a faɗi wanda zai riƙa wanke farantan.

Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke garin nan: kuna da malamai da ɗaliban lantarki. Muna roƙon a ware wuri da rana guda a mako da mutum zai kawo farantinsa a auna masa da ɗan kuɗi kaɗan, a kuma kafa 'yan farantai a fili a riƙa rubuta abin da suke bayarwa wata-wata, domin Potiskum ta samu nata lissafin maimakon aron na wasu.

Ga hukumar SON mai kula da ingancin kaya da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye: ga aiki nan yana jiran ku. Mu kuma mu koyi ajiye rasit da kai ƙara, domin ba a bin haƙƙin wanda bai yi magana ba.

Mu dai mun ɗauki darasi. Mun sauke farantan nan huɗu, mun sayi biyu na gaske da abin da ya sawwaƙa, an auna su a gabanmu a tsakiyar titi mutane na kallo, an ɗaga su daga kwano, sun fuskanci kudu, yara biyu na karɓa-karɓar wanke su. Ba mu da wutar da aka yi mana alkawari da farko, amma mun san abin da muke da shi, kuma yara na gama karatunsu da haske.

Wanda yake da sola a gida ko a shago, gobe ya nemi tef ya auna, ya zo nan ƙasa ya faɗa mana abin da sitika ta ce da abin da tef ya ce, ba tare da kama sunan kowa ba. Masu sana'ar kuma ƙofa a buɗe take, wanda yake ganin mun yi kuskure a lissafi ya kawo nasa, mu haɗu a rana da mita. Gani ya kori ji.

Ku tura wa 'yan uwa, musamman waɗanda ke shirin saye. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a kasuwancin masu gaskiya, ya ba garinmu da jiharmu zaman lafiya. Amin.